Idan Sabar Ta Kulle Ka a Waje: Yadda Za Ka Gano Abin da Ya Tare Ka

Abu na farko da za ka yi idan shafin shiga na cPanel, Plesk ko Webmin, wato manhajojin da ake kula da sabar da su ta burauza, ya ƙi karɓarka shi ne ka ɗauke hannunka daga madannai. Kar ka sake rubuta kalmar sirri karo na huɗu da na biyar. Sabar da yawa suna da mai gadi da ke ƙirga kuskuren shiga. Fail2ban, alal misali, idan ba a taɓa saitinsa ba, kuskure biyar cikin minti goma sun isa ya toshe adireshinka na intanet, wato IP, na wasu minti goma. Wanda ya nace yana gwadawa sai ya wayi gari da matsala biyu: ta farkon da bai gano ba, da toshewar da ya jawo wa kansa. Daga nan ko kalmar da ya rubuta daidai ce ba za ta shiga ba, sai ya ɗauka ita ce ta lalace, ya je ya canza ta a banza.

Tsakaninka da allon kula da sabar akwai shingaye da yawa a jere, kuma kowanne yana da yadda yake hana mutum. Aikin shi ne ka gane wanne ne ya tare ka, ka bi su daga waje zuwa ciki. Kashe tsaro gaba ɗaya don dai a shiga, wanda mutane da yawa ke yi in ransu ya ɓaci, shi ne mafi munin zaɓi, domin sau da yawa ba ma shingen da ka kashe ne ya hana ka ba.

Mataki na farko: karanta abin da aka ce maka

Saƙon da ya bayyana a allo ya riga ya yi maka rabin aikin. Idan burauza ta yi ta juyawa har ta gaji ta ce lokaci ya ƙare, wato `Connection timed out`, to saƙonka bai samu amsa ba ko kaɗan: ko sabar a kashe take, ko wata katangar tsaro tana haɗiye saƙon shiru. Idan kuwa nan take aka dawo maka da `Connection refused`, ka isa ga injin amma babu manhajar da ke saurare a tashar da ka buga (tasha ita ce port, lambar ƙofar da kowace manhaja ke jiran baƙi a kanta), ko kuma an kore ka da gangan. A kula da wannan na ƙarshe, domin fail2ban a saitinsa na asali korar mutum yake yi a fili, ba ya yin shiru, saboda haka `refused` ba ta wanke katangar tsaro daga zargi.

Idan shafin ya buɗe amma ya nuna lamba 403, sabar ta ji ka sarai, ta ce dai ba ka da izini daga inda kake. Idan shafin shiga ya fito, ka rubuta suna da kalmar sirri aka ce ba daidai ba, to hanya lafiya lau take, matsalar tana wajen asusu ko mai ƙirga kuskure. Akwai kuma wadda ta fi ɗaure kai: ka shiga, babu wani saƙon kuskure, sai a dawo da kai shafin farko kamar ba ka yi komai ba. Wannan kusan kullum maganar kuki ce (ɗan bayanin da burauza ke ajiyewa don sabar ta gane ka riga ka shiga), ko adireshinka da ke canzawa, ko faifan sabar da ya cika.

Ka kwafi saƙon yadda yake, ka rubuta lokacin da abin ya faru. Za ka buƙaci lokacin in ka zo duba kundin shige da fice na sabar.

Mataki na biyu: tasha da adireshi

Ka tabbata tashar da ta dace kake bugawa. cPanel na amfani da 2083, WHM 2087, wasiƙun cPanel 2096, Plesk 8443, Webmin 10000, DirectAdmin 2222, Proxmox 8006, Cockpit 9090, SSH, hanyar shiga sabar don rubuta umarni, kuma 22 in ba a sauya ba. Mai asusun cPanel na talaka da ya je 2087 ba zai taɓa shiga ba komai daidaiton kalmarsa, domin WHM, allon kula da duk asusun cPanel, na root ne, wato babban asusu mai cikakken iko, da masu sake sayar da masaukin shafuka. A Proxmox kuma akwai ɗan akwati a ƙarƙashin kalmar sirri inda ake zaɓar tsarin tantancewa. Root yana ƙarƙashin Linux PAM, in ka bar shi a ɗayan za a ce maka kalmarka ba daidai ba ce.

Gwada tashar kai tsaye ba tare da burauza ba. A Linux ko macOS: `nc -vz 203.0.113.10 2087`. A Windows, cikin PowerShell: `Test-NetConnection 203.0.113.10 -Port 2087`. Ka sa lambar adireshin sabarka a madadin ta misalin nan, ba sunan shafin ba. Dalili shi ne in sunan yana bi ta Cloudflare, hidimar da ke tsayawa tsakanin maziyarta da sabar, tashoshi kaɗan kawai take wucewa da su. Tana wucewa da 2083, 2087, 2096 da 8443, amma ba ta wucewa da 10000 ko 22. Mutum zai kunna Cloudflare yau, gobe ya ce Webmin ta mutu, alhali tana nan daram, hanyar ce aka sauya.

Sai gwajin da ya fi kowanne sauƙi da amfani: sauya hanyar intanet. Kashe wayifai ka shiga ta datar waya, ko akasin haka. In ya buɗe ta nan ya ƙi ta can, magana ta ƙare, adireshinka aka toshe, ko kuma cibiyar da kake ciki ce ba ta barin irin waɗannan tashoshi su fita, kamar yadda ofisoshi da otal-otal da yawa ke yi. Don sanin adireshin da duniya ke ganinka da shi, `curl -4 ifconfig.me` ya isa. Ka sake gwadawa da `-6`. Wani lokaci mutum ya sa adireshinsa na IPv4 a jerin waɗanda aka yarda da su, burauzarsa kuwa ta IPv6 take zuwa.

Mataki na uku: nemi wata ƙofar

Ba za ka iya gyara komai daga waje ba. In SSH na aiki, shi ke nan. In shi ma ya rufe, kusan duk kamfanonin da ke ba da hayar sabar suna da kwansol a shafinsu, wanda ke nuna maka allon injin kamar kana zaune a gabansa, kuma ba ya bi ta katangar tsaron da ke cikin sabar. Injinan ƙarfe na gaske suna da irinsa: iDRAC a na Dell, iLO a na HPE, IPMI a sauran. Abu ɗaya da ke yawan ruɗa mutane a kwansol shi ne tsarin madannai. Alamomi irin su @ da # da | na iya sauka a wani maɓalli daban. Ka rubuta alamomin da ke cikin kalmarka a layin suna, inda ake ganin rubutu, ka ga abin da ke fitowa, sannan ka goge.

In kwansol ya buɗe amma ba ka da kalmar sirrin root, sai yanayin ceto: kamfanin zai tayar da injin da wani ƙaramin tsarin Linux, ka ɗaura faifanka, ka shiga da `chroot`, ka sauya kalmar da `passwd`. Wannan yana kashe duk shafukan da ke kan sabar har ka gama, saboda haka ka bar shi a ƙarshe.

Idan kana ciki a matsayin root, manyan manhajojin suna ba ka hanyar shiga allon ba tare da kalmar sirri ba. `plesk login` zai ba ka mahaɗi na amfani sau ɗaya, `whmlogin` kuma zai yi haka a WHM.

Mataki na huɗu: masu ƙirga kuskure

A nan mafi yawan matsalolin suke, don haka bari mu daɗe.

Fara da kundin, kar ka yi ta hasashe. A Debian da Ubuntu duba `/var/log/auth.log`, a AlmaLinux, Rocky da danginsu `/var/log/secure`, in babu su, `journalctl -u ssh` ko `journalctl -u sshd`. cPanel na ajiye nata a `/usr/local/cpanel/logs/login_log` da `cphulkd.log` a babban fayil ɗaya. Webmin na `/var/webmin/miniserv.log` da `miniserv.error`. Nemi adireshinka da umarnin bincike `grep`, ka duba layukan da ke kusa da lokacin da ka rubuta.

Fail2ban: `fail2ban-client status` zai jero maka kurkukun da ke aiki, wato jerin adireshin da aka toshe na kowace manhaja, `fail2ban-client status sshd` zai nuna waɗanda ke tsare a ɗaya daga ciki. Don sakin kanka: `fail2ban-client set sshd unbanip 198.51.100.7`, ka sa adireshinka a madadin wannan na misali. Ka duba duk kurkukun, ba na SSH kaɗai ba. Plesk na da nata na allon shiga da na wasiƙu. In kana da adireshi tsayayye, sa shi a layin `ignoreip` cikin `jail.local`. Kar ka rubuta a `jail.conf`, sabuntawa na iya share shi.

In katangar tsaro ta CSF kake amfani da ita: `csf -g 198.51.100.7` zai gaya maka ko an toshe ka da kuma dalili. `csf -tr` na cire toshewar wucin gadi, `csf -dr` na cire ta dindindin. Akwai wani bambanci da ake yawan mantawa: `csf.allow` na buɗe maka katanga, amma `csf.ignore` ne ke hana mai sa ido, wato lfd, ci gaba da ƙirga maka kuskure.

cPHulk, mai ƙirga kuskure na cPanel, shi ne ya fi yaudarar mutane, domin in ya kulle ka yakan ce `The login is invalid` ko da kalmarka daidai ce. Da gangan aka yi shi haka, don kada ɓarawo ya gane ya dace. Yana kullewa ta adireshi, yana kuma kullewa ta sunan asusu, wato wasu can na iya yi ta buga sunanka da kalmomin ƙarya har a kulle ka kai da ba ka yi kuskure ko ɗaya ba. Maganin shi ne `whmapi1 flush_cphulk_login_history_for_ips ip=198.51.100.7`, sannan `/scripts/cphulkdwhitelist 198.51.100.7` in adireshin naka ne tsayayye.

Linux kansa yana da nasa mai ƙirgar a cikin PAM, tsarinsa na tantance masu shiga. `faillock --user suna` na nuna ƙirgar, ƙara `--reset` ka share ta. Tsofaffin bayanai a intanet za su ce maka `pam_tally2`, amma an cire shi daga sababbin tsaruka. Kuma tun daga OpenSSH 9.8 na shekarar 2024, shi kansa sshd, manhajar da ke karɓar masu shiga ta SSH, yana hukunta adireshin da ya yi ta kuskure na ɗan lokaci, ko da ba ka sa fail2ban ba.

Sakin kanka bai wadatar ba sai ka san abin da ya sa aka kama ka. In ka cire toshewa, bayan 'yan mintoci ta dawo, wani abu a cibiyarka ne ke ta buga tsohuwar kalma. Mai laifin da aka fi samu shi ne waya ko kwamfutar da aka saita mata akwatin wasiƙa, aka canza kalmar sirri a sabar ba a canza a kanta ba. Za ta yi ta ƙoƙarin shiga kowane 'yan mintoci, a toshe adireshin, kowa da ke ofishin ya rasa hanya. Kundin zai nuna maka sunan akwatin. Manhajar FTP da ta ajiye tsohuwar kalma da rubutun ajiyar kwafi mai tashi da kansa su ma suna yin haka. Kuma a hanyoyin waya, inda kamfani ke haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya, laifin wani da ba ka sani ba na iya shafarka. Shi ya sa ban ga hikimar sa irin wannan adireshi a jerin amintattu ba: gobe na wani ne.

Mataki na biyar: jerin waɗanda aka yarda su shigo

Wannan toshewa ce da mutum ke yi wa kansa. Wata rana ya taƙaita shiga ga adireshin ofis, daga baya kamfanin intanet ya sauya adireshin.

A Webmin buɗe `/etc/webmin/miniserv.conf`, nemi layukan `allow=` da `deny=`, gyara su, sannan `systemctl restart webmin`. Sake tayar da ita yakan kuma share toshewar da ta yi saboda yawan kuskure. WHM na da sashen Host Access Control. A tsofaffin tsaruka yana rubutu a `/etc/hosts.allow`, a sababbi kuwa dokokin katanga yake rubutawa, domin Red Hat ta cire wancan tsohon tsari tun daga fitowa ta 8. Plesk na da nata taƙaitawar ga asusun shugaba, kuma saƙonta na faɗa ƙarara cewa an hana shiga daga adireshi kaza. In lamba 403 ce a phpMyAdmin ko wani shafin gudanarwa, duba `Require ip` a saitin Apache ko `.htaccess`, ko `allow` da `deny` a Nginx.

Sai katangar kanta: `ufw status`, `firewall-cmd --list-all` ko `nft list ruleset`, gwargwadon wadda kake amfani da ita. In duk waɗannan sun nuna tashar a buɗe amma har yanzu shiru, tuna cewa AWS, Hetzner, DigitalOcean da sauransu suna da wata katanga a wajen injin, wadda babu umarnin da zai nuna maka ita daga ciki. Sai ka shiga shafin kamfanin.

Ka kuma tabbata manhajar tana raye. `ss -tlnp` zai nuna wanda ke saurare a kowace tasha. In babu kowa a 2087, `/scripts/restartsrv_cpsrvd`. In 8443 ce, `systemctl restart sw-cp-server sw-engine`. In ka ga tana saurare a 127.0.0.1 kaɗai, daga cikin injin ne kawai za a iya isa gare ta.

Mataki na shida: asusun da mabuɗin

`passwd -S suna` zai nuna ko asusun a kulle yake, `chage -l suna` zai nuna ko wa'adinsa ya ƙare. In akwai fayil mai suna `/etc/nologin`, babu wanda zai shiga sai root. A Ubuntu root ba shi da kalmar sirri tun asali, don haka a Webmin ka shiga da asusun da ke da ikon sudo.

Matsalar mabuɗin SSH kuwa, wato fayil ɗin da ake shiga da shi a madadin kalmar sirri, `ssh -v` ne abokin aikinka. Yana nuna mabuɗan da aka miƙa da abin da sabar ta ce. `Permission denied (publickey)` yakan fito ne daga izinin fayiloli. `~/.ssh` ya zama 700, `authorized_keys` ya zama 600, mallakin mai asusun, kuma kada babban fayil ɗin gidansa ya zama wanda wasu za su iya rubutu a ciki. sshd zai ƙi mabuɗin ba tare da ya gaya wa mai shigowa dalili ba, a kundin kawai zai rubuta. Inda tsarin tsaro na SELinux ke aiki, ƙara `restorecon -R ~/.ssh`.

Idan tsohon mabuɗi ya daina aiki bayan sabuntawa, tuna cewa OpenSSH 8.8 na 2021 ya daina karɓar sa hannun RSA mai amfani da SHA-1. Tsofaffin manhajojin da ba su san sabon salo ba su ne ke faɗuwa. Sabunta manhajar, ko ka ƙirƙiri sabon mabuɗi da `ssh-keygen -t ed25519`. Saƙon `Too many authentication failures` kuwa ba ya nufin ka yi kuskure: kwamfutarka ce ke miƙa duk mabuɗan da take da su ɗaya bayan ɗaya, sabar kuma sau shida take jurewa. Ƙara `-o IdentitiesOnly=yes -i` da sunan mabuɗin da ya dace.

Wani tarko: ka gyara `sshd_config`, ka sake tayarwa, babu abin da ya canza. A sshd saitin da aka fara karantawa shi ke cin nasara, kuma fayilolin `/etc/ssh/sshd_config.d/` ana karanta su tun a saman. Injinan gajimare sukan zo da wani fayil a can da ya riga ya kashe shiga da kalmar sirri. `sshd -T` na nuna saitin da ke aiki a zahiri. A nan za ka duba `permitrootlogin`, `passwordauthentication` da `allowusers`.

Lokacin da komai daidai ne amma ba ka shiga

Faifai. `df -h`, sannan `df -i`. Kowace shiga sai an rubuta ɗan fayil na zama. In babu wuri, ko adadin fayilolin da faifan zai iya ɗauka, wanda `df -i` ke nunawa, ya ƙare duk da cewa akwai sarari, za a yi ta mayar da kai shafin farko. In faifan ya cika, ma'ajiyar bayanai ma takan faɗi, Plesk kuwa ba ta aiki sai da ita.

Agogo. Lambobin tantancewa ta biyu masu alƙaluma shida suna sauyawa duk daƙiƙa 30, kuma agogon waya da na sabar ne ke lissafa su. In ɗaya ya kauce da minti biyu, kowace lamba za ta zama kuskure. Duba `timedatectl` ka ga ko agogon na daidaita kansa, ka duba na wayar ma. In wayar ce ta ɓata, a cPanel `whmapi1 twofactorauth_remove_user_config user=suna` zai cire wa wannan asusu kaɗai, ya fi kashe wa kowa.

Adireshi mai yawo. cPanel na ɗaure zamanka da adireshin da ka shigo da shi, in ya sauya a tsakiya sai ta fitar da kai. Akwai saitin Cookie IP validation a Tweak Settings da za a iya sassautawa, amma sassautawar na rage kariya daga satar kuki. A ganina gara ka samu VPN mai adireshi tsayayye. Kafin duk wannan ma, gwada tagar sirri ta burauza. In ya shiga ta nan, tsohon kuki ne kawai.

Takardar shaidar tsaro da ta ƙare, kamar ta Let's Encrypt mai kwana 90 da ta kasa sabunta kanta, takan sa burauza ta ƙi wucewa in shafin na da HSTS, saitin da ke hana burauza buɗe shi sai ta hanya mai tsaro. Shiga ta lambar adireshi ka sabunta. Lasisin cPanel da ya rikice bayan sauya adireshi kuma `/usr/local/cpanel/cpkeyclt` ke gyara shi.

Kafin ka rufe taga

Duk lokacin da za ka taɓa katanga ko saitin SSH, bar zaman da kake ciki a buɗe, ka gwada shiga ta sabuwar taga. Sake tayar da sshd ba ya yanke wanda ya riga ya shiga. Gudanar da `sshd -t` kafin tayarwa. In bai ce komai ba, rubutun lafiya. Ga dokokin katanga masu haɗari, sa umarnin `at` da zai dawo da tsohon saiti bayan minti goma, in sabon ya yi aiki ka soke shi da `atrm`.

Akwai yanayi ɗaya da bai kamata ka tsaya a sauya kalma ba. In kundin ya nuna babu toshewa, asusun ba a kulle ba, amma `chage -l` ya nuna an canza kalmar sirri a ranar da babu wanda ya canza a cikinku, to wani ya riga ka shiga. Duba `last` ka ga adireshin da suka shigo, buɗe `authorized_keys` na root da na kowane asusu ka nemi mabuɗin da ba ka sani ba, duba `/etc/passwd` ko akwai wani asusu mai lamba 0, wato mai ikon root, ban da root, duba crontab, jerin ayyukan da ke tashi da kansu, da alamomin API da ke cikin allon kulawa. In ka samu ko ɗaya, kwashe bayananka ka sake girka injin daga tushe, ka sauya duk kalmomin sirri da mabuɗan daga wata kwamfutar da ka amince da ita.